Kwana Goman da Jagaba Ya Yi a Waje

Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuto mini, har da na baiwar Allahn nan da ta ce mace mai ajiye kare ba ta cancanci a aure ta ba. Ban goge ba, ban kuma ji haushinki ba. Ki gyara zama ki karanta wannan, don abin da ya same ni ya fi zaginki zafi.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Mudassira, shekarata ashirin da shida. 'Yar Salaga ce ni, daga gidan da kakanni suka zo fataucin goro suka zauna. Aiki ne ya kawo ni Yendi, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare. Ina haya a bakin gari, ɗaki da falo, da ɗan tsakar gida mai katanga da bishiyar darbejiya guda ɗaya. Ni kaɗai nake zaune. To, ni da Jagaba.

Jagaba karen Baaba ne, ja mai farin ƙirji. Baaba, wato mahaifina Alhaji Sha'aban, manomin doya ne, karen kuma shi ke gadin rumbunsa a gona. Ya sa masa wannan suna ne saboda kullum shi ne a gaban babur, kamar mai nuna wa ayari hanya a zamanin kakanni. Ranar da Baaba ya yanke jiki ya faɗi a gona, ba kowa a wurin. Karen nan ne ya rugo har gida, ya kama bakin zanin Mma, mahaifiyata, da haƙori yana ja. Ana dukansa da muciya bai saki ba, sai da aka bi shi. Kwana huɗu Baaba ya ƙara a asibiti. A cikin kwana huɗun nan na iso daga Yendi, na riƙe hannunsa, ya gane ni, ya sa mini albarka. Ba don kare ba da kabari zan tarar.

Bayan sadakar arba'in Kawu Mukaila, ƙanin Mma, ya kira masu sayen karnuka. Kun san inda suke kai su. Ban yi musu da shi ba. Na roƙi direban motar doya, na ɗora Jagaba a baya, muka taho Yendi.

Na tambayi malami, ya ce kare na gadi ya halatta. Bai taɓa shiga mini ɗaki ba, kwanonsa daban, inda nake alwala daban. Idan zan tafi makaranta ƙarfe bakwai, sai in cika masa baho da ruwa a gindin darbejiya, in kulle ƙofar gida daga waje. Ƙarfe uku in dawo in tarar da hancinsa a ƙarƙashin ƙofa yana jirana. Wata takwas muna haka, ko kazar maƙwabta bai taɓa kora ba.

Laifina ɗaya, kuma gara in faɗe shi da bakina. Ban taɓa kai shi allurar rigakafi ba. Baaba bai yi masa ba, ni kuma sau nawa ina wucewa ta ofishin likitan dabbobi ina cewa sai an yi hutu.

Sai Nazif. Ɗan Bawku ne, albasa yake kawowa kasuwar Yendi. Dogo, siriri, ba ya son hayaniya, idan zai yi dariya sai ya sunkuyar da kai kamar wanda ya yi laifi. Shekara ɗaya muna tare, manyansa sun riga sun kai goro Salaga. Bai taɓa son Jagaba ba, bai kuma taɓa cewa in rabu da shi ba. Idan ya zo sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malama, gaya wa maigidan naki na zo da alheri."

A tsakiyar zafin watan Maris aka yi wa mahaifiyarsa, Hajiya Atikatu, aikin yanar ido a nan Yendi. Likita ya ce kada ta hau doguwar hanya sai bayan kwana goma. Nazif ɗaki ɗaya yake kwana da abokan kasuwarsa, ba inda zai ajiye ta. Mma ta kira ni daga Salaga.

"Wurinki za ta zauna. Ki share gida, ki wanke labule, ki ba ta gadonki. Wannan ce damarki, Mudassira."

Na yi duk abin da ta ce. Na sa doguwar rigata ruwan toka da farin mayafi, na turara ɗaki, na ɗora miyar kuka da busasshen kifi. Suka iso da hantsi, Nazif na riƙe da hannunta, ido ɗaya a rufe da auduga. Ina buɗe ƙofa Jagaba ya miƙe daga gindin bishiya yana kaɗa jela.

Hajiya ta ja da baya har ta taka ƙafar ɗanta.

"A'uzu billahi! Kare a cikin gida?"

Hausar Bawku ce a bakinta, irin wadda ba ta raba mace da namiji. Ta juyo da idon nan ɗaya kaina.

"Kai ne Mudassira? Nan kana sallah? Ni ba na shiga. Ba na ajiye goshi na inda kare yana yawo."

Ta tsallaka hanya ta zauna a bencin Anti Abida, maƙwabciyata Badagomba mai sayar da wasawasa, wato dambun garin doya. Tsohuwa da sabon aiki a ido, cikin rana, mutane na wucewa suna kallo. Nazif ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Kwana goma ne kawai. Don Allah."

Kafin in ba shi amsa wayata ta yi ƙara. Wa ya gaya wa Mma, har yau ban sani ba.

"Uwar mijinki na zaune a titi saboda kare? So kike a ce gidan Alhaji Sha'aban ba su da tarbiyya? Kawunki na nan yana ji. Ya ce ko ki fitar da shi yanzu, ko gobe ya turo a ɗauke shi."

Na ɗaura wa Jagaba igiya na ja shi waje. Ya bi ni ba gardama, yana ta tsalle, a zatonsa yawo za mu.

Akwai ɗan ɗakin gawayi jikin katanga ta waje, mai rufin kwano. Nan nake rufe shi idan rana ta faɗi. Amma da rana ɗakin nan tanda ne, ko mutum ka sa a ciki sai ya suma. Matsalar ke nan. Daga bakwai na safe zuwa uku na yamma, ina zan sa shi?

Ranar farko na ɗaure shi a jikin wani kututture kusa da ƙofa, inda akwai inuwa da safe. Ban yi lissafin inuwa na tafiya ba. Da na dawo na tarar ya nannaɗe igiyar a kututturen har wuyansa ya manne da itace, bahon ruwa a kife, harshe a waje ya bushe. Da ya gan ni bai iya ko miƙewa ba, jelar kawai ya buga a ƙasa sau biyu. Na durƙusa da kayan aikina a jiki ina zuba masa ruwa da tafin hannu.

Da yamma na tura wa Nazif hotonsa. Ga abin da muka rubuta, ina da shi har yanzu.

"Kin gani? Ɗaurin ne matsala. Ki sake shi."

"In sake shi ba kowa? Motoci fa? Ɓarayin karnuka fa? In ya kama akuyar wani?"

"Kare dabbar waje ne. Dubi garin nan, wa ke tsare kare? Suna yawo su dawo. Shi da ya tashi a gona."

"A gona Baaba na tare da shi."

"Anti Abida na nan, za ta riƙa sa ido."

"Anti Abida ciniki take yi."

"Mudassira, kwana tara ya rage. Ki yi haƙuri saboda ni."

Na daɗe ina kallon saƙon nan na ƙarshe. Zuciyata ba ta yarda ba, wallahi ba ta yarda ba. Amma daga falo ina jin Hajiya tana jan carbi, ta ci tuwona ta ce ya yi daɗi, har ta fara ce mini "ɗiyana". Wace budurwa ce za ta zubar da wannan? Na rubuta, "To."

Washegari na kwance shi na tafi makaranta. Ya bi ni har kwanar masallaci, na tsawata masa ya koma. Ranar nan allo nake kallo amma ba shi nake gani ba. Da na dawo na same shi kwance a ƙofar gida lafiya ƙalau, ƙafafunsa duk taɓo. Haka rana ta biyu, haka ta uku. Na fara cewa a raina, ashe Nazif ya yi gaskiya, ni ce mai yawan tsoro.

Rana ta shida na dawo na tarar kunnensa na hagu a yage, jini ya bushe masa a wuya. Anti Abida ta taso tana goge hannu da zaninta.

"Malama, kare naka ya yi faɗa. Wani baƙi ya zo, ba na unguwa nan ba, baki nashi duka yawu. Shi ne ya faɗa mishi. Na jefa itace, ya gudu can wajen mahauta."

Na dafa ruwan gishiri na wanke masa ciwon da hannuna, ko leda ban sa ba. Kashegari na ji a makaranta wai an kashe wani baƙin kare a mahauta, ya ciji tumaki biyu. Na ji, na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da duba littattafan yara. Kun ji? Malamar makaranta ce fa ni.

Hajiya ta cika kwana gomanta, aka cire mata auduga, ta koma Bawku tana sa mini albarka. Ta bar mini mayafi ruwan zuma da kwalbar turare. Aka tsayar da biki bayan Babbar Sallah. Mma ta kira tana guɗa a waya. Jagaba ya koma gindin darbejiyarsa, kunne ya warke, ya bar ɗan tabo. Na ɗauka mun tsallake.

Sati huɗu bayan haka ya fara ƙin abinci. Na ce zafi ne. Ya koma bayan randa yana ɓoyewa, shi da ba ya barin ƙafata. Ranar Alhamis da safe na fito da buta, na tarar yana gatsar turmi, haƙoransa na jini, muƙamuƙinsa a sake, yawu na zuba har ƙirji. Na kira sunansa. Ya ɗago ya dube ni, ya yi wani kuka da ban taɓa ji a bakinsa ba, kamar muryar ta tsage. Idon nan da ya san ni tun ina 'yar sakandare, ranar bai san ni ba.

Na ja da baya a hankali na shiga ɗaki na danna sakata. Daga nan na kira shugaban makarantarmu, ya ba ni lambar likitan dabbobi, Malam Abdul-Gafar.

Ya zo da abokin aikinsa, sun sa dogayen takalman roba da safar hannu, da wata doguwar sanda mai zarge a baki. Ta taga na kalla. Ba zan ba ku labarin duka ba. Sun zarge shi, suka danne shi jikin bishiya, aka yi masa allura. Ƙafafunsa na baya suka yi ta shure ƙasa, suka yi ta shurewa, sannan suka daina. Ko taɓa shi ba a bar ni na yi ba. Kansa suka cire suka sa a kula mai ƙanƙara za a kai gwaji Tamale, sauran suka haƙa rami mai zurfi a bayan gida suka zuba masa farar ƙasa.

Malam Abdul-Gafar ya cire safar hannu ya tsaya a bakin taga. Dattijo ne, bai ɗaga mini murya ba, gara ma da ya ɗaga.

"Kin yi masa rigakafi?"

"A'a."

"Kina barinsa yana yawo?"

"Kwana tara kawai."

"Rana ɗaya ta isa. Ya ciji wani? Ki yi tunani sosai. Ko yaƙushi, ko lasar ciwo."

"Ba kowa. A kulle yake tun da ya koma ciki."

"To ke ki tafi asibiti yanzu, ba gobe ba, tunda kina taɓa bakinsa da kwanonsa. Ki saurare ni da kyau, Malama. Ciwon haukan kare, in an yi allura kafin ya nuna, mutum ya tsira. In ya nuna, mutum ya fara tsoron ruwa, ba likitan da zai iya komai a duniyar nan."

Na je aka yi mini allura ta farko. Ina fitowa na kira Nazif. Tun ranar Asabar ya tafi Bawku ɗaukar sabuwar albasa. Ina kuka na gaya masa Jagaba ya haukace an kashe shi. Shiru. Na ɗauka layi ne ya yanke.

"Nazif?"

"Haukacewa kika ce?"

"Haka likita ya ce."

Sannan ya ce, "Sannu, Mudassira. Sannu. Zan kira ki." Ya kashe.

Bai kira ba. Juma'a wayarsa a kashe. Asabar a kashe. Na ce fushi yake, ko kunya yake ji don shi ya ce in sake shi. Ni ma na yi zuciya na daina nema. Mma kuwa da ta ji, cewa ta yi, "Allah ya raba ki da wahala."

Litinin da rana Malam Abdul-Gafar ya turo saƙo, gwaji ya tabbatar. Ina tsaye a barandar aji ina karantawa wani saƙon murya ya shigo daga Rashidatu, ƙanwar Nazif. Tana magana ƙasa-ƙasa, ana jin ta ɓuya ne.

"Anti Mudassira, kar ki ce ni na faɗa. Yaya ya zo gida da hannu a ɗaure, ya ce ƙarfen mota ne. Ranar Alhamis bayan kin kira ya gaya wa Hajiya gaskiya. Wai ranar da zai taho ya biya gidanki, kina taron malamai. Ya sayi ƙashi a mahauta ya kai wa karen, ya zura hannu ta ƙarƙashin ƙofa, shi ne ya cije shi. Ya ɓoye don kar Hajiya ta ce a kashe miki kare. Yanzu ta kai shi ƙauye wurin mai magani, ta karɓe wayarsa. Ban san ƙauyen ba. Ta ce asibiti allurar mutuwa suke yi wa wanda mahaukacin kare ya ciza."

Na lissafa da yatsu. Asabar zuwa Litinin, kwana tara. Na zauna a ƙasan baranda, yara na leƙowa ta taga.

Mutumin da bai taɓa yarda karen nan ya shinshine shi ba. Ƙashi ya kai masa. Haƙuri ya je ba shi.

Talata bayan asuba na shiga motar farko. Ban gaya wa Mma ba. Hijabi baƙi na zura a kan rigar barci, takardar likita a jaka, ruwan leda biyu. Gushegu, Nakpanduri, muka gangara wani babban dutse, muka wuce Garu, shingen sojoji bayan shinge, a sauko a buɗe jaka a koma. Kowane tsayawa ji nake kamar ana zare mini jijiya. Sai bayan azahar muka shiga Bawku. Rashidatu ta tare ni a tasha da babur, don a lokacin, saboda rikicin Bawku, mata ne kawai aka bari su tuƙa shi a cikin gari.

Hajiya na zaune kan tabarma a tsakar gida tare da wasu mata biyu, suna yankan kuɓewa. Da ta gan ni ta ajiye wuƙa. Idon da na yi jinya kwana goma, yanzu ya ga ni sarai.

Na durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, ina wuni."

"Me ka zo yi?"

"Nazif nake nema. Allura ake buƙatar yi masa yau. Ga takardar likita, karen..."

"Kare naka. Na ce maka tun rana na farko. Kai ka kawo najasa cikin gida, yanzu ka zo ka kai yaro na asibiti su gama shi?"

"Wallahi ba kashewa suke ba. Dubi hannuna, ni ma an yi mini. Ga ni da rai."

Na ɗage hijabi na nuna mata damtsena. Ba ta duba ba.

"Ka san yara nawa na binne? Babban wa nashi ya fita sayen burodi, harsashi ya same shi a bakin hanya. Baba nashi baƙin ciki ya kashe shi. Wannan ɗaya ya rage mini namiji. Ɗaya! Mai magani ya ce kwana bakwai dafi zai fita."

A nan na gane ba mugunta ce a gabana ba. Tsoro ne, irin nawa sak. Na yi mata bayani da Hausa, Rashidatu ta maimaita da yarensu, ɗaya daga cikin matan ma ta sa baki ta ce ɗan ƙanwarta allura ce ta cece shi. Hajiya ta kawar da kai. Inuwar katanga na ta tsawo, ga lokacin dokar hana fitar dare na matsowa.

Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba. Ba wanda ya tilasta ni, ku rubuta wannan.

"Hajiya, ni ce ba ki so ko? To ki gaya mini inda yake. In kai shi asibiti a yi masa allura. Wallahi, wallahi, wallahi, daga nan na fita rayuwarsa. Ba aure, ba waya. Ga shaidu."

Rashidatu ta ce, "Anti!"

Hajiya ta juyo ta daɗe tana kallona. Hawaye na fita daga idon da aka yi wa aiki, ɗayan a bushe.

"Ka rantse?"

"Na rantse."

"In ya mutu a hannu naka fa?"

"Ki yi mini duk abin da kika ga dama."

Sai ta faɗi sunan ƙauyen. Bayan Garu ne kaɗan. Ɗazu na wuce ta bakin hanyarsa a mota, ban sani ba.

Mun same shi zaune a gindin kuka a ƙofar gidan mai maganin, da singileti da wandon da ya sha ƙasa, hannun dama an naɗe da ganye da tsumma. Ya rame. Da ya gan ni ya yi yunƙurin miƙewa, ya sunkuyar da kai yana murmushin nan nasa.

"Malama. Har nan?"

Na ciro ruwan leda daga jaka, na fasa bakin da haƙori, na miƙa masa.

"Sha."

"Ba na jin..."

"Nazif, ka sha."

Ya karɓa da hagu. Ya kalli ruwan, ya kalle ni. Ina kallon maƙogwaronsa, ban ko numfasa ba. Ya kafa kai ya zuƙe tas, ya matse ledar ya ce, "Akwai wani? Tsohon nan ruwan ɗaci kawai yake ba ni."

A nan na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar Jagaba.

Mai maganin bai hana mu ba, ya ce dai mun ɓata masa aiki. Rashidatu ta goya yayanta a babur, ni na bi su a bayan motokin, keken kaya mai ƙafa uku, da ke ɗauke da gero. A asibitin Garu nas ta kwance tsumman, ta toshe hanci. Huda huɗu a gindin babban yatsa, an cusa baƙin magani, wurin ya kumbura. Ta wanke da sabulu ta yi ta wankewa, aka yi masa allura a damtse da kewayen ciwon. Na bi ta baranda na tambaye ta gaskiya.

"Kwana goma, kuma a hannu," in ji ta. "Kun makara sosai. Amma bai nuna komai ba, don haka muna da fata. Kada ya tsallake ko ɗaya, ta gaba ranar Juma'a. Sauran sai jira, wata ɗaya, wata uku. Ba mai iya ce miki ya tsira yau."

Na koma na same shi a benci, hannu cikin farin bandeji. Ya matsa mini wuri, na zauna nesa kaɗan.

"Ni na ce ki sake shi," ya ce. "Karen Baabanki. Ban san yadda zan dubi idonki ba."

"Ni na kwance igiyar. Ni ban kai shi allura ba."

"To mun yi laifi tare, sai mu gyara tare. In Allah ya sa na kai Sallah, ba na ƙara kwana ɗaya a kan ranar da aka sa. Wadda ta biyo ni har gindin kuka? Hajiya ma yanzu ta san ko ke wace ce."

Rashidatu ta juya mana baya. Wayarta ta yi ƙara, ta duba, ta miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba. Saƙon murya ne daga Hajiya. Na kara a kunne.

"Rashida ya ce an yi allura. Na gode maka. Allah ya biya ka. Ni na cika nawa. Mota na Yendi yana tashi da safe."

Na san abin da za ku rubuto. Ki yi kaffara, ki ciyar da miskinai goma, rantsuwar ruɗewa ce. Na sani, ni ma na yi Islamiyya. Amma matar nan ta ɗauki ɗanta namiji ɗaya da ya rage ta damƙa mini, a kan abin da take ganin mutuwa ne, don kawai na ce wallahi. Allura uku suka rage masa, kuma a gidanta zai kwana. Ranar da ta ji na karya, me zai hana ta mayar da shi gindin kuka?

"Me Hajiya ta ce?" Nazif ya tambaya.

Na miƙa wa Rashidatu wayarta. Na gyara hijabina.

"Cewa ta yi in gaishe ka."

Ya yi dariya, ya jingina kai da bango ya lumshe ido.

A tashar Garu nake rubuta muku wannan, mota na cika. Ɗazu ya turo saƙo ta wayar ƙanwarsa, wai in taho masa da wasawasan Anti Abida ranar Juma'a, don ba ya son allura da yunwa. Na karanta sau shida. Ranar Juma'a zai zauna a bencin asibitin nan yana kallon ƙofa, kuma har yanzu ba wanda ya gaya masa rantsuwar da na yi.